Gargaɗi ga masu mota mai turbo: ku kula da mai yawo da kwamfuta

Salam jama'a, musamman 'yan uwa na Garwa da Marwa har zuwa Kusiri da Njamena. Akwai wani mutum da yake tallan kansa a WhatsApp wai injiniya ne daga Duwala, ba shi da garaji, har gida yake zuwa da 'yar kwamfutarsa ya jona a mota. Ni ya cuce ni sefa dubu 380, kuma bana so wani ya faɗa.

Motata ta fetur ce mai turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin don ya ƙara ƙarfi. Wajen wata 2 da suka wuce fitilar injin ta kama, in na tsaya sai injin ya riƙa rawa yana wani fito siriri, in na daɗe a tsaye na taka totur sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito a salansa. Na kira shi yazo, ya karɓi dubu 10 na dubawa, ya nuna min lambar matsala P0171 a allo yace Alhaji turbo ɗinka ya mutu, in ka hau hanyar Marwa da ita ba za ka kai Figil ba injin zai buga. Ya cire tiyon iska ya dangwalo ɗan baƙin mai da yatsa yace ga shaida. Wlh tsoro ya kama ni, don da motar nake kai yara makaranta nake zuwa kasuwa. Na tura masa kuɗi ta waya, ya kwance turbo ya tafi dashi, bayan kwana 4 ya dawo da wani yana ƙyalli wai ɗan Beljiyam ne. Fitila ta mutu, hayaƙi ya ragu. Ko sati ba a yi ba komai ya dawo, shi kuma ya daina ɗaga waya.

Wani dattijon bakanike aka haɗa ni dashi, shi ya zaunar dani yayi min bayani. Yace ɗana, lambar nan bata ce turbo ya mutu ba, abin da take cewa kawai iska tayi yawa fetur yayi kaɗan. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1, in iska ta ɓarauniyar hanya tana shiga wadda sensa bata auna ba, sai kwamfutar motar tayi ta ƙara mai tana cikewa, in ƙarin yayi yawa sai ta kunna fitila. Ya nuna min a nasa allon, motar na tsaye ƙarin ya haura kashi 20 cikin 100, da ya ɗaga totur sai ya sauko kusa da sifili. Yace kaga wannan alamar iska ce ke satar shiga, da famfon mai ne ya gaji ko filta ta toshe, da a lokacin gudu abin zai fi tsanani. Kuma mu nan ga ƙurar hunturu tana ɓata sensar iska, ga man zuwa-zuwa na bakin titi da wani lokaci yake zuwa da datti ya toshe nozul, duk waɗannan suna kawo lambar nan kuma babu wanda ya kai kuɗin turbo.

Sai yace in buɗe murfin baƙin mai injin na aiki. Da ƙyar na ɗaga shi, kamar ana zuƙe shi ciki, ina buɗewa fiton ya tsaya. Ashe bawul ɗin numfashin injin ne, PCV, 'yar robar cikinsa ta yage, ita ke barin iska ta shiga kuma ita ke jan baƙin mai zuwa inda yake ƙonewa ya zama hayaƙi. Ciwo ɗaya, alama biyu. Dubu 25 har da kuɗin aiki, fitila bata sake kamawa ba.

Abin da yafi ƙona min rai shine turbo ɗin. Kafin a kwance na taɓa ɗaukar hoton lambar jikinsa na tura wa ƙanena a Ngawundare ya tambayo min farashi. Baba bakanike yace mu gwada da wanda ke motar, lamba ɗaya ce sak. Turbo ɗina ne ɗan damfarar ya wanke ya fesa masa fenti ya maida, ya goge lambar P0171 a kwamfuta, ya zuba min baƙin mai mai kauri don hayaƙin ya lafa na 'yan kwanaki.

Dan Allah ku lura da kalar hayaƙi kafin kowa ya tsorata ku. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, yana iya zama turbo gaskiya, amma yana iya zama PCV ko ringi ko robobin bawul. Baƙi fetur ne yayi yawa. Fari mai kauri da baya tsayawa kuma ruwan lagireto na raguwa, ku duba gaskit, amma ɗan farin tururi da safe lokacin sanyi ba komai bane. Ɗan maiƙo a tiyon turbo kusan kowace mota da ta daɗe tana dashi. Mai gaskiya zai kama sandar turbo a gabanka ya nuna maka ko tana wasa gaba da baya ko fukafukan na gogar jiki, kuma zai bar maka tsohon kayanka a hannu. Ku ɗau hoton lambar jikin kayan kafin a kwance komai, kar ku biya kuɗi duka kafin kaya su iso.

Na riga na kai ƙara wajen jandarma da rasit na turawa da hotunan. Naji ance yanzu ya nufi wajen Marwa ya canza layi. Duk wanda yayi wa irin wannan ya neme ni mu haɗa shaida.