Power BI ɗin da aka haɗa mana, da daɗi da takaici

Ni ke riƙe lissafin shagunan kawu, taki da maganin feshi muke sayarwa, ɗaya a Gombe ɗaya Kumo ɗaya Bajoga. A da in wata ya ƙare kowa sai ya turo Excel ɗinsa ta WhatsApp, in kwana biyu ina kwafa ina liƙawa har idona ya yi ja. Sai wani ɗan bautar ƙasa ya ce zai haɗa mana Power BI, wata manhaja mai tattara bayanai ta fitar da rahoto, muka yi ciniki.

Gaskiya watan farko na sha mamaki. Fayil ukun kawai na zuba a folda ɗaya na danna rifiresh, kafin shayina ya huce komai ya fito, yuriya buhu nawa ta tafi a Kumo, NPK nawa ya rage a Bajoga. Ashe Power Query, ɓangaren manhajar da ke jawo bayanai, na ajiye duk matakan da aka bi wajen gyara bayanan bi da bi, kowane wata maimaitawa kawai yake. Kawu da ba ya shiri da kwamfuta ma sai da ya ce "kai ɗan nan, abin naku da aljanu ne?"

To amma fa. Tsakiyar damina ana rububin taki, yaron Bajoga ya ga sunan layin nan "Adadi" bai masa ba, ya mayar da shi "Yawan buhu". Shi ke nan komai ya tsaya cak, wai ba a ga layin ba. Shi mai haɗawar ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu, waya ba ya ɗauka, kuma ko a bayan takardar rasit bai rubuta mana yadda ya tsara abin ba, kwana uku ina bin matakan ɗaya bayan ɗaya kawu na ta "ina lissafina?" kafin na gano. Garin tono kuma na tarar lissafin riba sau uku ya rubuta shi a shafi uku maimakon ɗaya da kowane shafi zai ja, guda ya cire kuɗin mota biyu ba su cire ba. Ashe shi ya sa ribar Kumo ke saɓawa, ni ina ta zargin yaron Kumo bawan Allah a banza.

Yanzu na yi fayil ɗaya na kulle sunayen layukan na raba musu. Manhajar kam ba ruwanta. Cikon kuɗin mai haɗawar yana nan hannuna, ya zo Gombe ya karɓa mu yi magana.