Kawu, kada ka yar da talabijin ɗinka mai doro

Kawu ya aiko min da saƙon murya daga Mabera a Sakkwato, wai yara sun sa shi gaba sai ya rabu da tsohuwar talabijin ɗinsa ya sayo falasma, don an shiga zamanin dijital, mai doro ta gama aiki. Na san ba shi kaɗai yara suka tasa gaba da wannan magana ba, shi ya sa zan amsa a nan kowa ya gani. Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ka bar ta a inda take.

A ɗakin da na kama haya a nan Bradford ta Ingila na tarar da irin taka a kusurwa, wanda ya tashi ya bar ta. Na kunna, ba komai sai yayyafi da ƙara. Da hankalin gida na sungume ta, ga nauyi, na hau bas da ita zuwa wani shagon kayan lantarki. Yaron shagon, wanda bai wuce sa'ar autanmu ba, ya dubi talabijin, ya dube ni, sai ya kira abokin aikinsa wai ya zo ya gani. Ya tambaye ni ko gidan adana kayan tarihi zan kai ta na ɓata hanya. Masu jiran layi suka yi irin murmushin nan nasu na Turawa, wanda gara a yi maka dariya a fili. Ya ce su ba sa gyara, kuma ko na sami mai gyara, kuɗin kwance ta kawai ya fi kuɗin wata ta hannu. In kai ta wurin zubar da kayan lantarki na ƙaramar hukuma, in kuwa ina so a zo gida a ɗauka, in biya. Wato in biya a raba ni da kayana.

Haka na dawo da ita a bas, na rungume ta, kowa na kauce min. Wallahi a ranar ba abin da na tuna sai masu gyaran rediyo na wajen titin Emir Yahaya. Kafin ka gama zama a benci mutum ya ce "aje ta nan, mi ya same ta?", ya riga ya kwance ƙeyar, ya ɗora ƙarfen dalma a wuta, ya ciro abin da ya ƙone daga cikin wata matacciya ya dasa. Mutanen nan suna da komai amma ba su da irin wannan hannu, kuma ba su san sun rasa shi ba.

Wani dattijo ɗan Pakistan da muke sallah tare ne ya warware min. Ya ce lafiyarta ƙalau, tashoshin ne suka bar ta. Birtaniya ta fara kashe tsohon tsarin analog a garin Whitehaven a 2007, ta gama a Oktoban 2012. Tun daga nan abin da ke yawo a iska dijital ne, tsohuwar talabijin kuwa ba ta da na'urar fassara shi a cikinta. Dikoda ce ke wannan aiki, ita talabijin nata nuna hoto kawai.

Ya kai ni shagon gwanjo na wata ƙungiyar agaji, muka sami dikodar Freeview, wato tsarinsu na tashoshin eriya na kyauta, a kuɗin da bai kai cefanen yini ba, da 'yar takarda manne a jikinta mai nuna an gwada lafiyarta kafin a sa ta a kanta. Wayar eriyar rufin gida tana nan a bango, na cusa ta a dikoda. Daga dikoda zuwa talabijin akwai wata waya mai faffaɗan kai da ƙusoshi 21 da suke kira SCART, ita ce madadin wayarmu mai kai uku. Na danna neman tashoshi a rimot, kafin ruwan shayi ya tafasa sun jeru, sun haura sittin, har da na rediyo. Hoto tas. Ba kati, ba kuɗin wata, ba wanda zai turo maka saƙo cewa saura kwana uku a yanke ka.

Amma kada wani ya ce Ingila kyauta ake kallo. Akwai lasisin talabijin, wanda a Afrilun 2025 aka mai da shi fam 174.50 a shekara, kuma wanda aka kama yana kallo ba shi da shi tara na iya kai wa fam 1,000. Abin dariya, har yau akwai lasisin talabijin mara kala, wanda a 2025 aka sa shi fam 58.50. Na biya ina ƙunƙuni, don duk tashoshin nan ba mai ce maka ina kwana. Azumi ya zo, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ba tafsiri, ba labaran Rima, ba NTA Sakkwato. Sai na koma kan 'yar wayata ina neman Arewa24.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda suka yi sauyin. Yanki-yanki suka bi, an sanar da kowa ranarsa, kuma aka kafa shiri na musamman don masu shekara 75 zuwa sama da naƙasassu, a je har gida a haɗa musu. Mu kuwa a Najeriya mun sa ranar 2012 ta wuce, wa'adin duniya na 17 ga Yunin 2015 ya wuce, na 2017 ma haka. An yi bikin ƙaddamar da dijital a Jos a 2016, Abuja a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Kano sai 2021. Inda aka kwana a Sakkwato kun fi ni gani. Cikin wannan jan ƙafa ne mutanenmu suka ɗauka dijital na nufin biyan kuɗin wata, ko kuma sabuwar talabijin. Mu ma da namu halin. Rabin masu sayen falasma ba hoto suke nema ba, so suke baƙo ya shigo falo ya gan ta a bango. A kayan ɗakin amarya kuwa ba a ma magana, uba zai ci bashi don kada dangin ango su yi gulma, alhali unguwar ta kwana uku ba wuta.

To Kawu, ga abin yi. Ka sa a juyo bayanta. In akwai ramuka uku, ɗorawa da fari da ja, an gama: ɗorawa hoto, sauran biyun murya. Ka sayi dikoda mai irin waɗannan ramuka, don wasu sababbi ramin HDMI na falasma kawai suke da shi, mai doro kuwa ba ta san shi ba. Ta eriya kake so, ka duba an rubuta DVB-T2 a kwalin, shi ne tsarin da Najeriya ta ɗauka. Ta dish ce, DVB-S2 za ka gani, kuma da ita ake kama tashoshin kyauta irin su Sunna TV da na Harami. In ramin eriya kaɗai gare ta, ka nemi dikoda mai RF, wato mai fitar da hoto ta wayar eriya, ko mai gyara ya haɗa maka ɗan akwatin da ke juya siginar. Ka kuma sani dijital ba ya dishi-dishi irin na da. Ko hoto ya fito sarai, ko ya farfashe ya daskare, kuma in ya yi haka a ɗaga eriya ko a gyara saitin dish, kada yara su ɗora wa talabijin laifi.

Dalili ɗaya na yarda da shi na sauya ta, shi ne wuta. Mai doro ta fi ta LED mai girmanta cin lantarki sosai, saboda haka in ka koma sola da ɗan batir, za ta zuƙe shi kafin a gama labaran dare. In dai wutar layi ko janareta kake amfani da shi, ka haɗa mata sitabilaiza, sauran kuɗin falasmar ka saya wa Inna fanka mai caji kafin zafin Afrilu ya shigo.