Hattara da mai tallar "faranti ɗan Dubai" a WhatsApp

Salamu alaikum matan Zariya, musamman masu haɗa kayan ɗakin 'ya'ya. Akwai wata mata da ke bin guruf-guruf tana tallar saitin faranti da kwanukan miya da kofuna, wai melamin ne tsantsa daga Dubai, ba ya fashewa, ba ya koɗewa, har a na'urar ɗumama abinci ana sa shi. Ba ta da shago. Ki tura kuɗi, ɗan Keke Napep ya kawo miki kaya Kwangila ko PZ. Bikin autata ya matso, na ga kuɗin bai kai rabin na Kasuwar Sabon Gari ba, na rufe ido na biya saiti uku. Araha dai ba ta ado, na sani, amma hidimar biki ta rufe min ido.

Allah Ya taimake ni na buɗe saiti ɗaya don amfanin gida. Ranar farko na zuba kunun tsamiya mai zafi a kofi, wani wari mai yaji ya bugi hancina, irin na shagon kafinta. Kafin sati biyu ƙyallin ya tafi, cikin kwanon ya yi gari-gari kamar alli, manja ya kama shi ya ƙi fita. Ɗaya kuwa ina zuba miyar kuka na ji ƙas, ya tsage har gindi.

Ɗan ƙanena da ke karatun kimiyyar sinadarai a Samaru ya zo gaishe ni, na nuna masa. Ya juya gindin kwanon, ba sunan kamfani, ba rubutun komai. Ya ce, "Gwaggo, sai an kai ɗakin gwaji za a tabbatar, amma wannan bai yi min kama da melamin ba."

Ga bayanin da ya yi min. Melamin wani farin gari ne da ake sarrafawa daga yuriya, wannan takin da muke zuba wa masara. Ana haɗa shi da sinadarin fomaldihaid a gasa, ya zama roba mai tauri da santsi. To akwai ƙaninsa mai araha, wanda ake haɗa yuriyar kai tsaye da fomaldihaid. Da shi ake yin soket da makunnin lantarki da gam ɗin katako, ba ya jure ruwan zafi. Da shi maha'inta ke buga faranti, su shafa masa ƙyalli a sama. Da zafi ya taɓa shi sai ya riƙa sakin fomaldihaid cikin abinci, sinadarin da ke cikin ruwan adana gawa, wanda kuma masana suka sa a jerin masu jawo kansa. Da na ji haka sai da kunun ranar nan ya dawo min wuya.

Ko melamin na gaskiya, in ji shi, ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci, ba a kuma so zafin abin da aka zuba ya wuce digiri 70, balle mai tsami irin zoɓo ko tsamiya. Ashe tun daga tallar ma ƙarya take yi. Ya tuna min abin da ya faru a Chaina a 2008, da aka zuba garin melamin a madarar jarirai don gwaji ya nuna tana da gina jiki: yara kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda, shida suka rasu.

Na kira mai tallar. Ta ce wai sosona na ƙarfe ne ya ɓata kayan. Na ce Hajiya, warin fa? Ta kashe waya, ta toshe lambata. Shekaranjiya maƙwabciyata a Tudun Wada ta nuna min hotunan nan dai, masu shuɗin fure da bakin ruwan gwal, a wata sabuwar lamba da sabon suna, an rubuta "saura saiti biyar".

Wadda ta riga ta biya ta adana shaidar tura kuɗin, ta kai ƙara bankinta da ofishin 'yan sanda, ni ma can na nufa gobe. Saiti biyun da suka rage suna nan a kwali ƙarƙashin gado, na fasa kai su ɗakin amarya.