Ruwan Inabi na Wani Ɗan Lambu a Bakin Gulbin Maraɗi

A makon jiya na sayi kwalba biyu na ruwan inabi marar barasa a wani shago kusa da Babbar Kasuwar Maraɗi, wanda mai shagon ya ce wani dattijo ne yake matsewa daga ɗan lambunsa da ke bakin gulbi. Lambun bai kai rabin hekta ba, saboda haka abin da ake samu ba ya wuce 'yan kwalabe a shekara.

Wannan ya tuna mini da gonar Romanée-Conti ta yankin Burgundi a Faransa, wadda faɗinta bai wuce hekta 1.8 ba, ana shuka inabin Pinot Noir a cikinta, kuma giyar da ake yi da shi tana cikin mafiya tsada a duniya, domin kwalabe dubu kaɗan ake fitarwa kowace shekara. Mu dai giya ba tamu ba ce, amma dalilin tsadar ɗaya ne: ƙasa kaɗan, kulawa mai yawa.

Ruwan yana da kauri, launinsa ja ne mai duhu, kuma zaƙinsa na 'ya'yan itacen ne, ba na sukari ba, sai ɗan tsami da ke biyo baya a kan harshe. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne murfin, domin kwalba ta biyu ta fara kumfa bayan kwana uku, duk da tana cikin firij. Jika biyu a kan kwalba ɗaya ya yi nauyi, amma zan sake saye idan an gyara rufin.