Kiɗa bayan tiyatar gwiwa: ya taimaka, amma da iyakarsa

A asibitin da aka yi mini tiyatar sauya gwiwa akwai wata ma'aikaciya da ba ruwanta da allura ko ƙwaya, aikinta kiɗa ne. Takan shigo da kwamfutar hannu da abin sawa a kunne, ta tambayi irin abin da kake saurara in ranka ya ɓaci, sannan ta ce ka auna zafin ciwonka daga sifili zuwa goma.

Inda na ga amfaninta ƙarara shi ne kafin zuwan masu gashin ƙashi. Duk wanda aka taɓa lanƙwasa masa sabuwar gwiwa ya san tun kafin a taɓa ka jikinka ya riga ya ɗaure, haƙora a datse, hannu ya damƙe ƙarfen gado. Sai ta sa mini wani kiɗa mai tafiya sannu a hankali, kusan daidai da bugun zuciyar mutum yana hutawa, ta ce in riƙa jan numfashi tare da shi. Ciwon yana nan, sai dai hankalina ya rabu biyu, kafaɗuna suka saki, har na bari aka ƙara lanƙwasa ƙafar ba tare da na yi ihu ba.

Da tsakar dare kuwa, in ƙashi ya fara zugi, kiɗa bai tsinana mini komai ba. Nan sai magani, ita ma ba ta ce a bar shi ba. Hakan ya zo daidai da nazarin da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2015, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 73 a kan marasa lafiya kusan 7,000: kiɗa ya rage zafi da fargaba da yawan maganin kashe zafi, amma bai rage kwanakin zaman asibiti ba.

Ƙorafina biyu ne. Abin kunnen ƙato ne, yana sa gumi, ga shi ya toshe kunne har sai da nas ta girgiza ni kafin na san tana magana. Sannan ma'aikaciyar kiɗan ba ta zuwa Asabar da Lahadi, alhali gwiwa ba ta san hutun ƙarshen mako ba.

Mai shirin shiga tiyata ya tambaya tun da wuri ko asibitinsa na da wannan tsari. Ya kuma tafi da ƙaramin abin kunnensa, ya sauke abin da yake so a waya, don intanet ɗin ɗakin jinya ba abin dogaro ba ne.