Tsohon babban kati ko sabon ƙarami: wanne ya dace da kwamfutarka ta gem a Abuja?

Duk wanda ya shiga shagunan kwamfuta na Banex da ke Wuse 2 da niyyar canza katin girafik, wato sashen kwamfuta da ke zana hoton gem a allo, zaɓi biyu za a ajiye masa a kan kanta. Ga sabo fil a kwalinsa, RTX 4060 ko 5060, ga kuma na hannu wanda ya yi tashe a zamaninsa, irin su RTX 3070, 3080 ko GTX 1080 Ti. Mai shago zai ce maka kowanne yana aiki, kuma gaskiyarsa ce. Sai dai bai san irin wutar da kake samu a unguwarku ba, bai ga cikin kwamfutarka ba, bai kuma san gem ɗin da kake bugawa ba. Waɗannan su ne ke yanke hukunci, ba shekarar da aka ƙera katin kaɗai ba.

A katunan kamfanin Nvidia, masu suna RTX da GTX, lambobi biyu na farko zamani suke nunawa, biyun ƙarshe kuma matsayi. Don haka 4060 ya fi 3080 sabunta, amma bai kama ƙafarsa a ƙarfi ba. RTX 3080 ya fito a Satumbar 2020 a kan dala 699, a sahun manya yake. RTX 4060 ya fito a Yunin 2023 a kan dala 299, a sahun matsakaita. Ko RTX 5060 na 2025 bai kamo 3080 ba. Matasa da yawa suna ganin lamba ta ƙaru sai su ɗauka ƙarfi ma ya ƙaru, ba haka lissafin yake ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a kasuwar kati maganar tana da gaskiya, amma tana da iyaka. Iyakar a wurina ita ce jerin RTX 20 a ɓangaren Nvidia, da jerin RX 6000 a ɓangaren AMD, kamfanin da ke gogayya da ita. Abin da ya gaza wannan, ƙofa ta fara rufe masa. GTX 1080 Ti, wanda ya fito a 2017 da ma'adanar gigabait 11, kati ne da nake girmamawa ƙwarai, har yau yana ɗaukar GTA V da Fortnite da EA Sports FC ba tare da gumi ba. Amma ba shi da sashen da ke lissafin haske, abin da ake kira ray tracing, kuma an fara fitar da gem da ba sa tashi sam sai da shi. Doom: The Dark Ages na 2025 yana cikinsu. Ba wai zai yi maka nauyi ba ne, buɗewa ma ba zai yi ba. Ga kuma batun direba, wato manhajar da ke sa kati ya yi aiki a kwamfuta. Nvidia ta daina fitar wa jerin GTX 900 da GTX 10 direbobin sabbin gem daga Oktobar 2025, gyaran tsaro kawai ya rage musu zuwa 2028. AMD ma tun 2023 ta rage kulawa da su RX 570 da RX 580. In kana da ɗaya daga cikinsu a gida yana yi maka aiki, ci gaba da morar abinka. In kuwa yau za ka zaro kuɗi ka saya, ban ba ka shawara ba, sai dai in an sakar maka shi a farashin da ko ya mutu baɗi ba za ka ji ciwo ba.

Sai ma'adanar katin, wato VRAM, inda sabbin katunan suka fi ba ni haushi. RTX 3060 na 2021 ya zo da gigabait 12. Wanda ya gaje shi, 4060, sai aka mayar da shi 8, aka kuma bar 5060 a kan 8. A allon 1080p (lambar kaifin allo ce, 1440p ya fi shi), gigabait 8 tana isa ga yawancin abin da ake bugawa a nan, musamman ƙwallo da harbe-harben intanet. Matsalar tana fitowa a manyan sabbin gem in ka ɗaga saiti, ko ka koma allon 1440p. Ma'adana na cika sai hoto ya fara tsinkewa, bango da tufafin mutanen cikin gem su yi dishi-dishi kafin su daidaita. RTX 3070 ma wannan ce lagonsa: ƙarfi yana nan, ma'adana 8 ce. Shi ya sa RX 6700 XT mai gigabait 12 ya fi shi kwantar min da hankali ga wanda zai riƙe kati shekaru. A sababbi kuwa, RTX 5060 Ti da RX 9060 XT kowanne yana da mai 8 da mai 16. A ranar fitowa dala 50 ce tsakanin mai 8 da mai 16 a kowannensu. In ƙarfinka ya kai wannan sahu, ɗauki mai 16, kada ka yi dogon tunani. Ka kuma riƙa karanta jikin kwali da kyau, domin akwai 3060 mai gigabait 8 wanda bai kai mai 12 gudu ba, kamar yadda GTX 1060 yake da mai 3 da mai 6.

Yanzu ga maganar da masu sharhin Turai da Amurka ba su cika tsayawa a kanta ba, mu kuwa ita ce ta fi shafarmu: wuta. RTX 3080 yana jan wat 320. RTX 3070 yana jan 220, 1080 Ti 250, 3060 kuma 170. RTX 5060 yana jan 145, shi kuwa 4060 wat 115 kacal. Ɗauki 3080 da 5060, tsakaninsu wat 175. In kana buga awa 4 a rana, a wata ka ƙone ƙarin yunit 21. Tun da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta kai kuɗin Band A naira 225 a kan yunit a Afrilun 2024, kafin a ɗan sassauta, wannan ƙarin ya haura naira 4,000 a wata ga mai mitar kati ta AEDC da ke wannan rukuni. Wani zai ce ba wani abu ba ne, kuma na yarda, ga mai wuta tsayayya ba zai hana shi barci ba.

Inda abin yake cizo shi ne in an ɗauke wuta. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da kusan wat-awa 2,400, kuma in kana son ya yi ƙarko rabinsa kawai za ka riƙa ci. Kwamfuta mai 3080, haɗe da furosesa da allo, tana iya jan wat 450 zuwa 500 a tsakiyar gem, ka ga a ƙiyasi awa biyu da rabi batiri ya yi ƙasa. Mai 4060 tana wajen wat 250, kusan ninki biyu na lokacin ke nan. In ƙaramin janareta ne da kai, wanda yake ɗauke da fanka da talabijin da cajin wayoyin gida, 3080 zai sa ka ji muryarsa ta canza da zarar gem ya ɗauki zafi. Kuma duk wat ɗin da kati ya ja, zafi yake komawa a cikin ɗakinka. Wanda ya yi Maris da Afrilu a Kubwa ko Nyanya a ɗaki marar na'urar sanyaya ya san abin da nake nufi. Mutanen Jos suna da sauƙi a nan, mu ba mu da shi. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, wadda ta fi cutar da katin da dama can zafinsa yana da yawa.

Kafin ka fita kasuwa, buɗe murfin kwamfutarka ka karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wuta, wato sashen da ke raba wa kayan cikinta lantarki. Nvidia ta ce 3080 yana son mai wat 750, 3070 mai 650, 4060 da 5060 kuma mai 550. In sai ka canza akwatin wuta, kuɗinsa ya shiga farashin katin, kuma a nan ne arahar tsohon babban kati take narkewa. Kada ka yi tsumulmula a kansa, akwatin wuta marar suna yana iya tafiya da katin gaba ɗaya. Masu kwamfutocin ofis na hannu, irin siraran Dell OptiPlex da HP, su kula sosai. Akwatin wutarsu ƙarami ne, yawanci ba shi da wayar da ake jona wa kati, wurin ma matsattse ne. Abin da zai shige su shi ne gajeren kati marar neman ƙarin waya, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6, wanda yake jan wat 70. Haka nan in furosesarka tsohuwa ce mai ƙwaya huɗu, babban kati zaman jiranta zai yi ta yi, ba za ka ga amfanin kuɗinka ba. Intel Arc B580 na Disambar 2024 ya zo da gigabait 12 a kan dala 249, farashi mai kyau, amma yana buƙatar kwamfutar da ke da Resizable BAR, saitin da ke bai wa furosesa damar isa ga dukkan ma'adanar kati. A tsohon inji ba ya sakin jiki.

In ka tsaya a kan na hannu, to ka sani katunan RTX 30 da RX 6000 sun fito ne a lokacin da haƙar Ethereum, kuɗin intanet da ake samarwa da katin girafik a wancan lokaci, take kan ganiyarta. Da aka daina haƙarsa da kati a Satumbar 2022, sai aka kwararo su kasuwannin duniya. Katin da ya yi haƙa ba lallai ya lalace ba, amma fankarsa ta juya dare da rana, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya kuma yana iya bushewa. Maganin wannan gwaji ne a gabanka. Ka ce, "Alhaji, a jona min shi in gani." Zai iya ce maka, "Yallaɓai, yanzu na cire shi daga inji, lafiyarsa lau." Sai ka ce, "Na yarda da kai, amma a bar ido ya shaida." Ɗan kasuwar kirki ba ya ƙin wannan.

Ka tafi da filas ɗinka ɗauke da manhajojin gwaji GPU-Z da FurMark da HWiNFO. GPU-Z zai nuna maka ainihin sunan katin da yawan ma'adanarsa, kuma yana tona asirin jabu da yawa, irin tsofaffin katunan da ake canza wa suna a sayar a intanet a matsayin GTX 1050 Ti. Ka saki FurMark, mai ɗora wa kati aiki mai nauyi, ya yi kamar minti 20, idonka a kan allo. Ɗigo-ɗigo masu launi, layuka, ko allo ya yi baƙi ya dawo, duk alamar a ajiye ne. Kara kunnenka kusa da fanka ka ji ko tana gurnani ko karkarwa. A 3080 ka duba zafin ma'adana a HWiNFO, in yana dosar digiri 110 katin zai fara rage gudu da kansa. Bayan an kashe, juya bayansa a haske ka duba ko akwai wurin da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, alamar an gasa shi da iskar zafi wajen gyara. Gwada kowane ramin HDMI da DisplayPort. Sannan a rubuta maka lambar jikin katin da kwanakin garanti a rasit, ba da baki ba.

Game da DLSS, fasahar Nvidia da ake ta tallatawa, ɓangarenta mai ƙara kaifin hoto yana aiki tun daga RTX 20, kuma yana da amfani na gaske. Ƙirƙirar ƙarin firem kuwa, wato ƙarin hotunan da ake cusawa tsakanin na asali, sai RTX 40 zuwa sama. Tana sa motsi ya yi santsi a ido, amma ba ta sa hannunka ya fi saurin amsawa ba, don haka mai buga gasar harbi kada ya biya ƙarin kuɗi saboda ita.

In ni zan zaɓar wa ƙanena mai allon 1080p da wutar da ba ta tsayawa, sabon 4060 ko 5060 zan ɗaukar masa, saboda batiri da zafi da garanti. In aljihu bai kai ba, RX 6600 na hannu mai jan wat 132, ko 3060 mai gigabait 12 da aka gwada a gabansa. RTX 3080 sai ga wanda yake da allon 1440p, da akwatin wuta mai kyau, da sola ko wutar da za ta ɗauke shi. Farashi a naira yana bin dala, don haka ka zaga aƙalla shaguna uku a rana ɗaya kafin ka tura kuɗi, ka kuma tambayi nawa za su karɓi tsohon katinka in za a yi musaya.