Na gwada kai hotunan kyamarar gona iNaturalist, ga yadda muka kwashe

Jama'a wata huɗu kenan da na ɗaure kyamarar nan mai ɗaukar hoto da kanta idan abu ya gitta, a jikin wata tsamiya bakin fadamarmu can wajen Haɗeja. Ni wallahi ɓarayin masara nake fako, sai ga shi abin da ta fi kamawa zabin daji ne da makwarwa da kurciyoyi suna sauka shan ruwa da sanyin safiya. Kati ya cika, na ce ai bai kamata su ruɓe a waya ba.

Manhajar eBird na fara nufa tunda a can na saba rubuta tsuntsun da na gani, ta jami'ar Cornell ce a Amurka, tun 2002 take. Ashe a ƙa'idarsu ba a saka abin da kyamara ta ɗauka ba ka wurin, sai wanda idonka ya gani ko kunnenka ya ji kukansa. Da na natsu sai na ga suna da hujja, su fa lissafinsu ya rataya ne a kan minti nawa ka yi kana dubawa, tafiyar kilomita nawa, ku nawa ne, ita kuwa kyamara kwana talatin tana tsaye ba barci ba gajiya, a haɗa ta da mutum ai lissafi ya dagule.

iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan dabbobi da tsirrai don a tantance su, ita ba ruwanta, in dai akwai hoto da rana da wuri ta karɓa, kuma kyauta. Kana ɗorawa manhajar za ta kawo maka sunayen da take zato, daga nan mutane su zo su duba, in sama da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa suka yarda da suna ɗaya sai bayanin ya kai matakin da masu bincike ke ɗauka, har ya wuce GBIF, rumbun da ake tara bayanan halittu na duniya. Hoton wata cilakowa da ta leƙo da bakinta dab da gilashin kyamara, kafin la'asar mutum biyu da ban taɓa sani ba sun tabbatar, na ji daɗi ba kaɗan ba.

Inda na yi kwaba laifina ne, na canza batir ban gyara agogon kyamara ba, hotunan damina suka fito da kwanan watan Janairu, har da shamuwa, ka ji fa, shamuwa a tsakiyar hunturu! Ɗaya bayan ɗaya na bi na gyara. Ranar da kyamara ta ɗauka ake so, ba ranar da ka ciro kati ba, wurin ma inda take ɗaure ba ɗakinka ba. Zabin maƙwabcina da suka shigo hoto kuma dole na nuna na kiwo ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɓoye wuri, taswira ta nuna yanki mai faɗin kusan kilomita ashirin kawai, don ba na son mafarauta su gane fadamar ko wani ya zo ya kwance min kyamara. Hotunan dare baƙi da fari kam yawanci suna nan a "tsuntsu" kawai, kyamarar tawa mai arha ce. Data ma tana tafiya, yanzu cikin hoto goma na kurciya ɗaya, guda biyu nake zaɓa, sauran in goge.